Atishawar Beijing da tambayar da ta tsaya mini a rai

A watan Maris na yi mako uku ina atishawa a birnin Beijing, hanci yana zuba, idanu sun yi ja suna ƙaiƙayi, ni kuwa na ɗauka mura ce, domin a wajenmu duk abin da ya taɓa hanci sunansa mura. Na shanye Procold ɗin da na zo da shi daga Kano, na bi da amoxicillin, babu sauƙi. Daga nan na shiga wani kantin magani a unguwar Haidian, wanda aka raba gida biyu: ɓangare ɗaya na ƙwayoyin asibiti, ɗayan kuma bango ne guda na ƙananan aljihunan katako, kowanne da sunan saiwa ko ɓawo ko busasshen fure a jikinsa, ga ɗan sikelin tagulla da ake awo da shi.

Wata dattijuwar likitar gargajiya ta ɗora yatsu uku a wuyan hannuna, ta duba harshena, sannan ta jero tambayoyi. Akwai zazzaɓi? Gaɓoɓi suna ciwo? Majinar fara ce kamar ruwa ko ta yi kauri? Da na amsa sai ta ce alaji ne, wato jikina ne ke faɗa da garin furen itacen yuanbai, wanda a wannan wata yakan tashi a lambunan birnin kamar hayaƙi ruwan ɗorawa. Da ta ga kwalin amoxicillin a hannuna sai ta ce, "A ƙasarku babu mai koya muku bambancin ne?" Na san ba da nufin raini ta faɗa ba, amma maganar ta soke ni.

Bambancin kuwa a fili yake idan an nuna wa mutum. Alaji ba ya zuwa da zazzaɓi, atishawarsa jere take zuwa, ido da hanci suna ƙaiƙayi, kuma yana nan muddin abin da ke tayar da shi yana cikin iska. Murar yau da kullum takan fara da kartar maƙogwaro, majina ta yi kauri, ta wuce cikin kwana 7 zuwa 10. Mura mai tsanani, wadda ake kira fulu, faraɗ ɗaya take kayar da mutum da zazzaɓi da ciwon jiki, kuma maganinta na asibiti ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 48. Babu ɗaya daga cikin ukun da amoxicillin ke warkarwa.

Sinawa suna da nasu rabon. Idan sanyi ne ya kama mutum, yana rawar ɗari da farar majina, sai a dafa masa citta da jan sukari. Idan zafi ne, ga ciwon maƙogwaro da ƙishirwa, sai a ba shi haɗin Yin Qiao San, wanda aka rubuta tun shekarar 1798. Ni an ba ni Yu Ping Feng San, haɗin saiwoyi uku da suke cewa yana zama garkuwa tsakanin jiki da iska, aka kuma nuna mini wurin da zan riƙa murzawa a gefen ƙofofin hanci. Gaskiya ita ce ƙwayar loratadine, maganin alaji na asibiti, ce ta tsayar mini da atishawar nan take, kuma wasu magungunan nasu, kamar 'ya'yan tsiron cang er zi, suna illa ga hanta idan aka zarce ƙima.

Duk da haka ban yarda sun fi mu sani ba. Cittar da suke dafawa ita ce Inna take haɗa mana da kanumfari da masoro da zuma idan hunturu ya shigo, kuma ta san yaron da ƙura ce kawai ta dame shi, ta shafa masa man kaɗanya a hanci, ta san wanda masassara ta kama, ta lulluɓe shi a kan tukunyar sirace. Tazargaden da ake sayarwa a kasuwar Kurmi ta Kano ɗan uwan qinghao ne, ciyawar da masaniyar kimiyya 'yar China, Tu Youyou, ta samo maganin zazzaɓin cizon sauro daga cikinta bayan ta karanta wani littafi na ƙarni na 4, har aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Su sun rubuta nasu, sun auna shi da giram, sun buɗe masa jami'o'i. Namu yana kan tsofaffi, kuma mu da muka yi boko mu ne muka fara juya masa baya muka koma wurin mai kemis.

Ranar Juma'ar da ta wuce na kira Inna na ce ta faɗa mini abin da take zubawa a tukunyar siracen nan, ina riƙe da biro. Ta lissafa ganyen darbejiya da na mangwaro da lemun tsami, ta tsaya tana neman sunan na huɗu. Ta ce kakata ce ta san inda ake samo shi a bayan gari, wurin kuma yanzu duk an yi gine-gine.