Leshin Hannu a Faransa da Saƙar Matan Tawa

Mafi yawan matan Tawa da Yamai da ke ɗinka leshi domin biki ko suna ba su taɓa riƙe leshin da hannu ya saƙa ba, domin abin da ake sayarwa a kasuwanninmu da wannan suna aikin inji ne. Wanda iyayenmu suka fi ji da shi daga Siwizalan da Ostiriya yake fitowa, musamman garuruwan St. Gallen da Lustenau, inda masana'antu suka fara yi wa kasuwar Najeriya yadi na musamman tun shekarun 1960, daga can kuma ya riƙa ƙetaro iyaka ta Ƙonni da Maraɗi. Yau na ƙasar Sin ya cika rumfuna. Leshin hannu wani abu ne dabam, kuma zaman da nake yi a garin Le Puy na Faransa, inda mata suke saƙa shi tun ƙarnoni da suka wuce, shi ya sa nake ganin akwai abin da ya kamata mu tattauna game da namu aikin hannun, tun kafin ya kai matsayin da nasu ya kai.

Yadda ake aikin a nan bai da wuyar bayani, ko da yake yana da wuyar ƙwarewa. Mace takan ɗora wani matashi mai tauri a kan cinya ko a kan teburi, ta manna masa kwali wanda aka zana adon a kansa aka kuma huda shi, sa'an nan ta rataya ƴan sanduna da aka naɗe da zaren lilin ko na auduga ko na siliki. Da sanduna huɗu take aiki a lokaci guda, biyu a kowane hannu, kuma motsi biyu kaɗai take yi, wato ta gicciya zare a kan zare ko ta murɗa su, sai ta soka ƙaramar allura marar kafa a cikin hujin kwalin domin ta riƙe abin da ta saƙa. Daga waɗannan motsi biyu ake fitar da fure da ganye da raga iri-iri. Mai koyo takan fara da sanduna kaɗan, gwanaye kuwa sukan tara fiye da ɗari a kan matashi ɗaya ba tare da sun rikice ba. A garin Alençon da ke yankin Normandi kuma da allura da zare kaɗai ake yi, babu sanduna, kuma santimita ɗaya murabba'i yakan ci kusan awa bakwai, koyon sana'ar gaba ɗaya yakan ɗauki shekara bakwai zuwa goma.

Wanda ya ga tsofaffin matan da ke wannan saƙa a yau suna aiki cikin raha da shan shayi zai ɗauka haka abin yake tun asali, alhali kuwa tarihinsa tarihin talauci ne. A 1665 Colbert, ministan sarkin Faransa, ya kafa masana'antun leshi na sarauta domin kuɗin fadawan Faransa su daina tafiya Italiya, amma waɗanda suka riƙa zama suna lalata idanunsu matan ƙauye ne, waɗanda dillalai ke kawo wa zare da zane, su dawo su karɓi aiki su biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A ƙauyukan da ke kewaye da Le Puy akwai wasu mata masu hidimar addini da ke tara yara suna koya musu karatu da saƙa a ɗaki ɗaya, mata kuma sukan fito ƙofar gida da rani su zauna rukuni-rukuni suna aiki suna hira. Daga baya inji ya zo. A Ingila John Heathcoat ya ƙera injin saƙa raga a wajen 1809, John Levers ya inganta shi a 1813 a Nottingham, a 1816 kuma wasu Ingilawa suka tsallako da injunan zuwa garin Calais na Faransa a ɓoye. Sannu a hankali aikin hannu ya daina ciyar da mai yin sa, har a tsakiyar ƙarni na 20 ya zama sai ɗaiɗaikun tsofaffi ke tunawa da shi.

Abin da ya hana shi ɓacewa gaba ɗaya iri biyu ne. Gwamnati ta sa hannu: a 1976 ta buɗe ɗakunan aiki na ƙasa a Le Puy da Alençon, ta ɗauki gwanaye tana biyan su albashi, kuma a 2010 hukumar UNESCO ta sanya leshin Alençon cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Amma ma'aikatan gwamnati ƙalilan ne, kuma a ganina ba su ne suka riƙe sana'ar ba. Waɗanda suka riƙe ta su ne dubban mutanen da ke yin ta domin sha'awa kawai, a ƙananan ƙungiyoyin unguwa da na ƙauye, inda wadda ta iya take zama kusa da wadda ba ta iya ba ta gyara mata hannu, ba tare da ta nemi ko sisi ba. Cibiyar koyarwa da aka kafa a Le Puy a 1974 ta taimaka wajen mayar da abin da ke cikin kawunan tsofaffi zuwa takarda, ta yadda zanen da wata ta saƙa shekaru ɗari da suka wuce, yarinya za ta iya ɗaukar kwalinsa yau ta sake fitar da shi daidai.

A gida ba mu da wannan leshi, amma aikin zare da allura ba baƙonmu ba ne. A Tawa na tashi ina ganin mata suna saƙa hular jarirai da safa da mayafin goyo da kwarashi, suna yi wa zanen gado da rigar matashi ado domin kayan ɗakin amarya, suna ɗinka faifai mai launi, ga kuma tabarmar kaba wadda Madawa ta yi suna da ita. A ƙasar Adar, inda maza da yawa ke tafiya bida Abijan ko Najeriya ko Libiya su yi watanni, wannan aiki ne yake cike wa mace rana, yake kuma ba ta abin zubin adashi. Maza ma suna da nasu, wato ɗinkin hula da aikin babbar riga, irin su aska biyu da aska takwas da tambari, wanda malamai da almajirai suka daɗe suna yi a zaure da gindin bishiya. Duk wanda ya duba aljihun babbar riga ta hannu da kyau, ya ga ƙananan hujin da aka zagaye da zare ɗaya bayan ɗaya, zai yarda cewa haƙurin da ke cikinsa bai gaza na matan Alençon ba.

Bambancin yana wajen dalilin yin aikin. Ranar da na aika wa gwaggona hoton wani ɗan gefen hankici da na saƙa, amsarta ta murya ita ce: "Sannu da ƙoƙari ɗiyata, to nawa suke biyan ku?" Da na ce mata mu ne ma muke biyan kuɗin ƙungiya, sai ta yi salati ta ce Allah ya shirye ni. Ban ga laifinta ba, domin a wurinmu aikin hannu sana'a ce, sana'a kuwa da riba ake auna ta. Sai dai wannan ma'auni yana da haɗari, tunda duk ranar da inji ya fitar da irin aikin a farashi mai sauƙi, dalilin yin sa da hannu ya faɗi ke nan. Mun riga mun gani a kan babbar riga: keken surfani ya rage wa masu hannu kasuwa, yanzu kuma injin da kwamfuta ke sarrafawa yana gama a yini ɗaya abin da mutum zai yi watanni yana yi. Kayan jarirai na kanti da na gwanjo sun yi wa kwarashi haka nan. Hanyar da Faransa ta bi a ƙarni na 19 ita muke bi yanzu, sai dai mu da sauri muke tafiya.

Za a ce mini yin aiki domin sha'awa na wanda cikinsa ya cika ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Yawancin matan da nake zama da su sun yi ritaya, fansho na shigo musu kowane wata, babu wadda ke tunanin cefanen gobe. Ba zan ce wa matar da ke saƙa domin ta sayi gero ta daina neman riba ba. Amma ba gaskiya ba ne cewa mu ba mu san ɓata lokaci a kan abin da ba ya kawo kuɗi ba. Muna zama awa da awa a kan lalle da kitso, dattawa suna wuni a kan dara, samari suna kwana a fada suna dafa shayi. Akwai kuma malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da matan ƴan kasuwa a Yamai da Tawa waɗanda ba su rasa abin sayen zare ba, sun kuma iya saƙar tun suna ƴan mata, amma sun ajiye ta domin a idon mutane alama ce ta rashi. Wannan kallon ne nake ganin ya fi inji yi mana ɓarna. Kokawa ma wasan ƙauye ce bayan girbi, sai da aka shirya mata gasar ƙasa ta farko a Tawa a 1975 aka ɗaga darajarta, yau ga shi minista da talaka suna zama fili ɗaya suna kallon masu neman takobi.

Abu na biyu da ya fi damuna shi ne rowar sani. Mace takan ɓoye sabon salon da ta ƙirƙiro kada maƙwabciya ta kwaikwaya ta ƙwace mata masu saye, mai aikin riga kuma ba ya nuna wa kowa yadda yake zana adon sai ɗansa ko yaronsa. Wannan ma ana iya fahimtarsa, kuma ko a nan Faransa ba kowane zane ake rabawa kyauta ba, domin wanda mai shi ke da rai saya ake yi, kuma kwafarsa ba da izini ba abin kunya ne a cikin ƙungiya. Amma sun raba abu biyu da mu muka haɗa: sabon zane na mai shi ne, dabarar aikin kuwa da tsofaffin zane na kowa ne. Mu da ba ma rubutawa, idan gwana ta rasu ba ta koya wa kowa ba, da ita da saninta ake binnewa. Sakamakon haka ɗiyar ƙanwata da ke Yamai ta koyi kwarashi daga bidiyon wasu matan Turkiyya a YouTube, cikin harshen da ba ta ji, alhali a bayan gidansu akwai tsohuwar da ta fi su iyawa, ba wanda ya taɓa tunanin haɗa su.

Duk da haka ba na fatan mu zama kamar su, domin akwai abin da muke da shi wanda su suka rasa. Zaman da matanmu ke yi a tsakar gida bayan la'asar, da kaka da uwa da jika a tabarma ɗaya, su sai sun yi wa ƙungiya rajista, sun nemi ɗaki daga magajin gari, sun sa rana da awa kafin su samu irinsa, kuma ko an taru da wuya a ga yarinya a ciki. Wasu ma kaɗaici ne yake kawo su fiye da son zaren. Abin da suke saƙawa kuma yawanci a gilashi ake sa shi a rataye a bango, ko a ninke a akwati, ba wanda ke sawa. Namu kuwa har yanzu a jiki yake: hular hannu tana kan ango, babbar riga tana zuwa idi, faifai yana rufe ƙwaryar fura. Saboda haka ban ga amfanin ɗauko matashi da sanduna daga Le Puy a kai Tawa ba, in ban da ga wadda ta ga abin ya ba ta sha'awa. Abin ɗauka shi ne ɗabi'ar koyarwa a fili da ta adana zane.

Wuraren da za a fara suna nan. Gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, yana da masu sana'ar hannu a cikinsa, ƙauyen masu sana'a na Wadata yana nan, bikin baje kolin sana'o'in mata na SAFEM ana yin sa tun shekarar 2000, kuma kusan kowane babban gari yana da gidan koyar da mata ɗinki da saƙa. Abin da nake so a ƙara shi ne a ba koyarwa fili daidai da wanda ake ba saye da sayarwa, a gayyato tsofaffin gwanaye daga Madawa da Illela da Buza da Keita a biya su ladan zama, su nuna wa duk mai so, namiji ko mace, ko da ba shi da niyyar mayar da abin sana'a. Wanda ba ya buƙatar jiran gwamnati kuma shi ne ɗaukar hoto, tunda waya tana hannun kusan kowa. Idan za a ɗauka, a ɗauki gaba da bayan aikin duka, domin a bayan ne ake ganin hanyar da zare ya bi, a ɗauki hannun mai aikin yana motsi a hankali, a rubuta sunan da ita take kiran salon da shi da garin da ta koyo shi, sa'an nan a nemi izininta kafin a tura wa kowa.