Kangon Jack London: Gara a Bar Shi Yadda Wuta ta Bar Shi

A tuddan Glen Ellen, cikin yankin Sonoma na jihar Kalifoniya, akwai wani gida da ba wanda ya taɓa kwana a cikinsa. Marubucin Amurka Jack London ne ya gina shi da kuɗin littattafansa, ɗakuna 26, ya raɗa masa suna Wolf House, wato gidan kyarkeci. Saura 'yan makonni su tare shi da matarsa Charmian, a Agustan 1913, gobara ta tashi cikin dare ta cinye shi. A Nuwamban 1916 ya rasu yana da shekara 40.

Yau wurin gandun tarihi ne na jihar, tun 1960. Bangayen dutse da bututun hayaƙi suna nan tsaye tsakanin manyan bishiyoyi, an tokare su da ƙarfe, babu rufi. Duk mai ziyara zai iya cewa me ya hana a sake gina shi? Ni dai ina ganin barinsa haka shi ne daidai, domin gonar London da gidan ke cikinta, baki ɗayanta, tarihin mutum ne mai faɗuwa da tashi.

Tun 1905 ya fara sayen filin, ƙasa ce da manoman baya suka tatse har ta gaji. Ya yanka matakala a gangaren tudu don hana zaizaya, ya riƙa zuba takin dabbobi. Wannan ya yi kyau. Amma dubban itatuwan turare da ya dasa da fatan sayar da katako ba su biya ba. Ga kuma zagayayyen ɗakin aladu na 1915, wanda saboda tsadarsa mutane suka yi masa ba'a da "fadar aladu". Kalmomi 1,000 yake rubutawa kullum, gonar kuma tana lashe kuɗin. Sabon gida mai ƙyalli zai rufe wannan labarin ne kawai.

Akwai kuma batun aljihu. A 2011 gwamnatin jihar ta sa gandun cikin wurare 70 da za ta rufe saboda ƙarancin kuɗi, sai a 2012 wata ƙungiyar sa-kai ta karɓi ragamarsa. Ɗan abin da ke shigowa gara ya tafi wajen tallafe bango da gyaran ƙaramin gidan katakon da ya rayu kuma ya rasu a cikinsa.

Ba nisa da kangon, a kan wani ɗan tudu, tokar gawarsa na ƙarƙashin wani ƙaton dutse da aka ɗauko daga wurin ginin gidan.