Ƙannena, Ku Dubi Abin da Ya Sami New York Mets

Ƙannena, musamman ku da jari ya fara shigowa hannunku, ko na gado ne, ko bashi, ko wanda wani yaya ya turo daga waje, ku ba ni aron kunnuwanku. Labarin da zan kawo na wasan besbol ne a Amurka, wasan da yawancinmu ba ma kallo, amma kada wannan ya kore ku. Abin da kuke bukatar sani kaɗan ne: ɗan wasa ɗaya yana jefo ƙwallo, ɗan ɗaya ɓangaren yana tarbarta da sanda, kuma kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka guda, kusan kullum, wata shida cur. Ƙungiyar da masu jifarta suka gaza, ta gama yawo.

A 2020 wani attajiri mai suna Steve Cohen ya sayi ƙungiyar New York Mets a kan kusan dala biliyan 2.4. Tun yana yaro yake goyon bayanta, kuma rabonta da kofin World Series, wato kofin zakarun besbol na Amurka, tun 1986. A 2022 ta ci wasa 101, sai dai aka yi waje da ita a zagayen farko na sili-ɗaya-ƙwale. Sai Cohen ya kwance bakin jaka yadda ba a taɓa gani ba. Ya kawo Justin Verlander, wanda ya ɗauki kyautar gwarzon masu jifa a shekarar, ya haɗa shi da wani gwanin jifa, Max Scherzer, kowannensu yana karɓar sama da dala miliyan 43 a shekara. Edwin Díaz, mai jifan da ke rufe musu wasa a zangon ƙarshe, aka ba shi miliyan 102 na shekara biyar. Albashin 'yan wasa kaɗai ya haura dala miliyan 300, mafi yawa a tarihin wasan zuwa lokacin, ga harajin wuce iyakar albashi na kusan miliyan 100 a kai. Magoya baya suka fara lissafin kofi tun ba a jefa ƙwallon farko ba.

To ku dubi shekarun mutanen nan biyu da aka ɗora wa ginin gaba ɗaya. Verlander yana da 40, Scherzer yana shirin cika 39. Gwanaye ne na gaske, ba mai ja. Amma kuɗin da aka biya na aikin da suka riga suka yi ne a wasu garuruwa, da kafaɗun da suka sha jifa shekara goma sha. Nan ne nake so ku fara tsayawa, domin wannan ciwon yana cin samarinmu ƙwarai. Yaro ya samu miliyan uku, sai ya kama shago a filazar da ake ji da ita, ya shimfiɗa tayil, ya kafa allo mai wuta, ya sayo babbar waya don a san ya iso. Kafin kaya su cika kanta kuɗin ya ƙare. Ya sayi abin da ido ke gani, ya bar abin da zai riƙe shagon idan kasuwa ta yi sanyi.

Tun kafin a fara kaka bango ya tsage. Ranar 15 ga Maris 2023, a birnin Miami, Díaz yana buga wa ƙasarsa Puerto Rico a gasar duniya. Ya rufe wasa, sun doke Jamhuriyar Dominika, abokansa suka rugo suka kewaye shi ana tsalle-tsallen murna. Sai aka ga ya zube ƙasa riƙe da gwiwar dama. Jijiya ta tsinke. A keken marasa lafiya aka fitar da shi, ƙanensa Alexis, wanda su biyu ke cikin tawagar, yana tsaye yana hawaye. Bai jefa ko ƙwallo ɗaya a kakar ba. Wannan ƙaddara ce, ba laifin kowa ba, kuma ba wanda ya isa ya hango ta. Abin tambaya shi ne me aka tanada saboda ranar ƙaddara. Verlander ma da rauni ya shiga kaka, sai a watan Mayu ya fara wasa. An dakatar da Scherzer wasa goma a Afrilu saboda wani abu mai danƙo da alƙalai suka ce sun samu a hannunsa. Da manya suka kauce, sai aka waiga baya aka ga babu isassun matasan da aka raina a gida da za su tare gurbin. A watan Yuni kaɗai Mets ta ci wasa 7, aka ci ta 19.

Kai da kake buɗe shago, wa zai tsaya maka idan zazzaɓi ya kwantar da kai mako biyu? Ka koya wa yaron shagonka lissafi da sanin farashi, ko aike kawai kake masa? Kuɗin hayar shekara mai zuwa yana gefe, ko shi ma ya shiga tayil? Ba a fafe gora ranar tafiya.

A shekarar nan dai akwai ƙungiyar Baltimore Orioles. A 2021 an ci ta wasa 110, ta zama abin dariya. Ta haƙura, ta riƙa zaɓo yara tana horar da su a ƙananan ƙungiyoyinta, irin su Adley Rutschman da Gunnar Henderson. A 2023, da albashin da bai kai kwatan na Mets ba, ta ci wasa 101. Ƙungiyoyi uku da suka fi kowa kashe kuɗi kuwa, Mets da Yankees da Padres, babu wadda ta tsallaka zagaye na gaba. Kada ku ɗauka ina zagin kuɗi ne. Texas Rangers da ta ɗauki kofin shekarar ita ma ta zuba dukiya, haka Dodgers ta birnin Los Angeles kullum cikin kashewa take, amma tana da gonar rainon yara da ba ta taɓa bari ta bushe ba. Kuɗi na tafiya da kyau idan ya tarar da tsari a ƙasa.

Akwai abu guda da nake yaba wa Cohen da mutanensa, kuma shi ne mafi wuya ga ɗan Adam. Da ƙarshen Yuli ya zo suka ga jirgin ba zai kai gaci ba, ba su tsaya kare girman kai ba. Suka tura Scherzer Texas, suka mayar da Verlander tsohuwar ƙungiyarsa Houston, har suka yarda za su ci gaba da biyan kaso mai tsoka na albashinsu, domin a ba su matasa irin su Luisangel Acuña da Drew Gilbert. Sun karɓi kunya a gaban duniya a tsakiyar kaka. Mu kuwa fa? Kasuwa ta karye tun watan shekaranjiya, amma saboda kada abokai su ce wane ya faɗi, sai a ci bashin manhajar waya a biya wani bashin, a sayar da filin mahaifiya, wani ma ya faɗa cacar ƙwallo wai zai farfaɗo da dare ɗaya. Wallahi ƙanena, ka rufe shagon nan da rabin jarinka a hannu ya fi maka ka rufe shi da 'yan bin bashi a ƙofar gidanku. Maganar mutane kwana nawa ce?

Kakar ta ƙare da nasara 75 da rashin nasara 87, tazarar wasa 29 tsakaninsu da Atlanta da ta zo ta ɗaya a rukunin. Buck Showalter, wanda aka ba kyautar gwarzon mai horarwa a 2022, ya rasa aikinsa. Aka kawo David Stearns ya jagoranci tsara ƙungiya, aka ɗauko Carlos Mendoza wanda bai taɓa riƙe babbar ƙungiya ba. A 2024, ba tare da tsoffin taurarin biyu ba, kuma ba wanda ya sa musu rai, suka ci wasa 89 suka kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Dodgers ta tsayar da su.

Da ma a ce labarin a nan ya tsaya. A Disambar 2024 Mets ta ba Juan Soto, gwanin bugu da sanda, kwantiragin dala miliyan 765 na shekara 15, mafi girma a tarihin wasan. Soto ya yi nasa, bai ci amanar kuɗin ba. A tsakiyar Yunin 2025 babu ƙungiyar da ta kai su nasara. Daga nan masu jifa suka fara gazawa, irin ciwon 2023 ɗin dai, har sai da aka dogara da sababbin yara uku a makonnin ƙarshe. Suka gama da nasara 83 da rashin nasara 79, kuma a ranar ƙarshe ta kaka, a Miami, aka doke su suka rasa gurbin shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale.