Nasiha ga masu yi wa ɗaliban ilimin tsirrai dariya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya bayan La'asar, a wata majalisa a unguwar Aboabo da ke Kumasi a ƙasar Ghana, wani dattijo ya tambayi wani saurayi abin da yake karantawa a Jami'ar Kwame Nkrumah ta Kimiyya da Fasaha. Yaron ya rusuna ya ce, "Baba, ilimin tsirrai nake yi, ina nazarin asalinsu da yadda suka bazu a tsibirai." Majalisa ta fashe da dariya. Wani ya ce an kashe masa kuɗin makaranta don ya ƙirga ganye, wani kuma ya ɗaure fuska ya ce irin wannan karatu ne ke raba yara da imani. Yaron ya sunkuyar da kai, bai ƙara cewa uffan ba.

Haba jama'a! Yaushe duban halittar Allah ya zama abin ba'a a wurin Musulmi? Kowa a majalisar nan ya sha jin ayar Suratul Ankabut da ke umartar mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Ya fara halitta, amma da aka sami yaron da ya tashi zai duba, sai muka mayar da shi abin nishaɗi.

Ku ɗauki kuka, wadda ake sauke garinta buhu-buhu daga arewa a kasuwar Kejetia, muke kaɗa miyarta mu ci da tuwo zafi. Wa ya taɓa tsayawa ya tambayi inda ta fito? Nau'in kuka takwas ne a duniya: shida a tsibirin Madagaska kaɗai suke, ɗaya a Ostireliya, ɗaya kuma ita ce tamu. A 2024 masu bincike daga Sin da Ingila da Madagaska suka kwatanta ƙwayoyin gadon nau'o'in nan duka, suka nuna cewa a Madagaska asalin kuka yake tun kimanin shekaru miliyan 21 da suka wuce, kuma suna ganin ruwan teku ne ya kwashi 'ya'yanta ya kai su gaɓar Afirka da ta Ostireliya. Duk wanda ya taɓa riƙe ɗan kuka ba zai yi mamaki ba, domin ɓawonsa tauri gare shi, a rufe yake ruf, ga shi ba nauyi, kana girgiza shi kana jin ƙwallayen suna kaɗawa cikin farin garinsu. Furenta fari ne mai rataye, da magariba yake buɗewa, jemage ya zo cikin dare ya sha ruwan zaƙinsa ya ɗauki barbara zuwa wata bishiyar, kafin wata magaribar ya yi yaushi. Wallahi wanda ya san wannan ba zai ce subhanallah irin ta fatar baki ba. To ina raunin imani a nan? Mai bincike hanyar da abu ya bi yake bin sawu, Wanda Ya tsara hanyar kuwa mun san Shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Sokotra, tsibirin Musulmi a ƙasar Yaman, mai nau'in tsirrai sama da 800, waɗanda fiye da kashi ɗaya cikin uku nasu ba a samun su a ko'ina sai can. A can ake samun bishiyar nan mai siffar lema, wadda in an tsaga ta take zubar da jan ƙaro. Wani masani daga Sukotland mai suna Balfour ya je can a 1880, ya tattara tsirrai ya rubuta su, yau sunan bishiyar a littattafan kimiyya yana tafe da nasa. Mu da muke tinƙaho da Ibnul Baiɗar na Andalus, wanda ya rasu a 1248 bayan ya bayyana magunguna da tsirrai kusan 1,400, me muka ɗora a kan aikinsa? Dariya.

Muna iya ƙarar da yini muna gardamar ƙwallon Ingila, mun haddace sunan kowane ɗan wasa da kuɗin da aka saye shi, amma bishiyar da muke shan inuwarta a ƙofar masallaci ba mu san sunanta ba. Lambun tsirrai na jami'ar nan a cikin Kumasi yake, mota ɗaya ce daga unguwanninmu, nawa ne daga cikinmu suka taɓa kai 'ya'yansu? Galamsi, wato haƙar zinari ba bisa ƙa'ida ba, na cinye dazuzzuka da koguna a kan idonmu, wasu daga cikin kukokin Madagaska na gab da ƙarewa, kuma ba mai iya kare abin da bai san akwai shi ba.

Iyayena dattawa, ba raini nake yi ba, girmanku ne ya sa maganarku take da nauyi. Kalma ɗaya daga bakinku tana iya sa yaro ya ajiye littafi har abada, kuma za a tambaye ku. In kuna tsoron wani abu a karatunsa, ku kira shi gefe, ku sa ya yi muku bayani, ku haɗa shi da malami, ku yi masa addu'a. Don Allah ku daina yi wa yaran nan dariya. Don Allah ku daina.