Yadi mai roba ba yadin tishat ba ne

Teloli da yawa da zarar sun ja yadi sun ga ya miƙe sai su ce ai mai roba ne, a rage awo, a matse, ba ma sai an sa zif ba, kamar dai yadin tishat ne. A nan ake ɓata wa mutane kaya wallahi. Irin wanda ake wandon jins da siket da shi saƙarsa irin ta atamfa ce, zare a tsaye zare a kwance, kawai an cusa ɗan zaren roba ne a ciki, wanda ake kira spandes ko Lycra, yawanci kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari. Miƙewar tasa kaɗan ce, kuma galibi ta faɗi take ba ta tsawo ba. Shi ya sa kafin ka sa almakashi ka ja shi ta ko'ina ka gani, ɓangaren da ke miƙewa shi zai zagaye ƙugu da mazaunai, in ka juya shi to mai kayan ba za ta iya zama ba ma. Zif kuwa dole ne, haka ma dat, wato ɗan ninkin da ake ɗinkewa don kayan su bi siffar jiki.

Sannan masu cewa sai keken zigzag, a'a, Butterfly ɗinka ma ya isa, sa zaren poliyesta, kuma kar ka riƙa jan yadin yana ƙarƙashin allura, in ka ja ɗinkin zai yi lanƙwasa-lanƙwasa. Guga kuma a rage wuta, zafi yana kashe robar, wajen gwiwa ya saki ya ƙi komawa.