Agogon Suwis na Katako

Masu turo mini hoton agogo a WhatsApp, na gani, na gode. Ga yadda abin ya faru, ba yadda aka kai muku ba.

Agogon bango na saya a kasuwar Katako, jika huɗu, na rataye a shago. Farar fuska, babu lamba ko ɗaya, baƙaƙen sanduna kawai, sai jan hannun daƙiƙa mai dunƙulallen kai. Bayan la'asar fada ta cika, har Kawu ya zo, kun san tsohon mushen lakwal ba ya ganin abu ya ƙyale. Ya ɗaga kai ya ce, "Ɗana, an cuce ka. Ba a gama agogon nan ba aka sayar maka. Ina lambobin?"

Sai na miƙe tsaye. Na ce Kawu, wannan zanen tashoshin jirgin ƙasa na Suwis ne. Wani injiniya, Hans Hilfiker, ya zana shi a 1944, don mai gudun kada jirgi ya bar shi ya hango lokaci daga nesa ba sai ya tsaya karatu ba. Jan hannun a 1953 aka ƙara shi, sandar da ma'aikacin tasha ke ɗagawa ya sallami jirgi aka kwaikwaya. Na ce a 2012 har Apple sai da ya biya kuɗi masu kauri saboda ya sa zanen a iPad. Fada ta yi tsit, ni kuwa baki ya yi daɗi.

Nan yaron tela ya ce, "Yaya, jan fa ya tsaya."

Wallahi murna na yi. Na ce madalla, abin da nake jira ke nan! A tasha jan yana gama zagaye cikin daƙiƙa 58 da rabi, ya tsaya a sama ya jira sigina daga uwar agogo, sannan hannun minti ya yi tsalle, duk agogunan ƙasar su tafi tare. Ku zuba ido, daƙiƙa ɗaya da rabi ce.

Muka zuba ido. Kawu ya fara ƙirga da ƙarfi kamar yana gaban aji. Ɗaya, biyu, uku. A goma na ce ku ƙara haƙuri. A ashirin mai shayi ya manta buta a kan gawayi, na biyu ya tafasa ya zube. A talatin Kawu ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ni ina nan hannu a sama ina nuna bango, na rasa yadda zan sauke shi.

Yaron nan kuma ya ce, "Ka ce a sama yake tsayawa. Wannan ai wajen bakwai yake, da a ce akwai bakwai."

Na ɗan bubbuga agogon, ƙusa ta fita, pil ya gangaro gaban Kawu, duk tsatsa. Kawu ya dube shi ya ce, "Ko siginar Suwis ɗin ce ba ta iso Bukoki ba? Ka san matsalar rezo."

Kawu dai babba ne, na shanye. Amma yaron tela? Yaron da ke cajin waya a shagona kyauta, ya ci bashin kati na dala ɗari tun kafin azumi, in na tambaya ya ce maigidansa bai sallame shi ba. Shi ne ya kwanta a kan benci yana shure-shure, har ya ɗauki pil ɗin ya lasa wai yana gwada ƙarfinsa. Ranar da ya ƙone rigar Alhaji da dutsen guga wa ya rufa masa asiri? To, caji yanzu dala goma ne, har maigidan nasa.

Na sa sabon pil, agogo yana tafiya lafiya. Sai dai jan ba ya tsayawa ko'ina, ko a saman. Kawu ba ya Facebook, don Allah kada wani ya kai masa.