"Ko dayosis": kalmomi biyu a sanarwar GAFCON da za su haifar da bishop biyu a gari ɗaya

Tun da Akbishop Laurent Mbanda na Ruwanda ya fitar da sanarwar GAFCON, ƙungiyar 'yan Anglikan masu ra'ayin riƙau, ranar 16 ga Oktoba 2025, hankalin jama'a bai bar kan manyan kalamanta ba: an juya wa Akbishop na Kantabari, jagoran tarayyar Anglikan ta duniya, baya, an hana halartar duk taron da ya kira, an hana ba Majalisar Tuntuɓa ta Anglikan, wato ACC, kuɗi ko karɓa daga hannunta. Da yake sanarwar ta fito ne kwana goma sha uku bayan an ambaci sunan Sarah Mullally a matsayin wadda za ta hau kujerar Kantabari, sai muhawarar ta ƙare a kan mace da shugabanci. Ni abin da ya tsaya mini a rai wani ɗan layi ne da aka wuce shi da gudu. An ce sharaɗin shiga sabuwar tarayyar da GAFCON ta shelanta shi ne lardi (cocin ƙasa ko yanki mai dayosis da yawa), ko dayosis (yankin bishop guda), ya amince da Sanarwar Urushalima ta 2008, wato shelar bangaskiyar GAFCON. Ko dayosis. Ma'ana bishop guda da majalisarsa suna iya tsallake lardinsu, su sa hannu a takarda mai sakin layi 14, a karɓe su.

Masu kare wannan tsari hujjarsu ɗaya ce, kuma suna maimaita ta kamar karatun allo: mu ne masu rinjaye, Najeriya da Yuganda kaɗai sun fi Ingila da Amurka masu zuwa coci ranar Lahadi, saboda haka wanda muka ce ɗan Anglikan ne, shi ke nan ya zama. Yawan gaskiya ne. Haka nan gaskiya ne cewa ba su suka fara karya alkawari ba. Taron Lambeth na 1998, wato taron bishop-bishop na Anglikan na duniya, ya zartar da ƙuduri cewa aure na namiji da mace ne da ƙuri'a 526 a kan 70, dayosis ɗin New Westminster a Kanada ya taka shi a 2002 da yarda a sa wa zaman jinsi ɗaya albarka, cocin Episkofal na Amurka ya bi baya da naɗa Gene Robinson, mai zama da namiji ɗan'uwansa, bishop a 2003. Wanda ya ce tunda ACNA, cocin da waɗanda suka ɓalle daga na Amurka da na Kanada suka kafa, ba ta cikin jerin sunayen ofishin tarayyar Anglikan a Landan to ba ta wanzu ba, wannan magatakarda ne yake magana, ba makiyayi ba. Amma yawan mutane ba ya amsa tambayar da ke gabanmu, domin kalmar "amincewa" da ake ta jefawa abubuwa huɗu ne daban-daban, kowanne da ƙofarsa da mai riƙe da makullinsa.

Na farko shi ne yarda cewa naɗin da aka yi wa firist ko bishop ingantacce ne. Wannan an daɗe da gama shi. A 2017 akbishop-akbishop na Kantabari da Yok suka amince da naɗin limaman ACNA a ƙarƙashin wata dokar Cocin Ingila ta 1967 da ta shafi limaman ƙasashen waje. Firist ɗin ACNA yana iya neman izinin hidima a Ingila ba tare da an sake ɗora masa hannu ba. Wannan dokar ce kuma ta shafi firistocin Katolika, kuma ba wanda ya ce hakan ya mai da Roma lardin Anglikan. Na biyu shi ne zumunci tsakanin coci da coci, a ci Jibin Ubangiji tare, a yi musayar limamai. Kowane lardi yana da ikon ƙulla wannan da kansa, kuma Najeriya da Yuganda sun ƙulla shi da ACNA tun 2009, shekarar da aka kafa ta a Bedford ta jihar Teksas. Majalisar Cocin Ingila ta taɓa batun a Fabrairun 2010, ta ƙi furta zumunci, ta tsaya ga cewa ta fahimci burinsu na zama cikin iyalin Anglikan.

Na uku shi ne kujera a ACC, kuma nan ne aiki yake. Sabon lardi ana so ya kasance da dayosis aƙalla huɗu, da kundin tsarin mulki da aka duba, da hanyar riƙe kansa ta fuskar kuɗi, da yardar lardin da zai fita daga cikinsa. A tura kwamiti ya je ya gani da ido, kwamitin dindindin ya yanke, sannan kashi biyu cikin uku na shugabannin larduna su yarda, wato 28 cikin 42. Ta nan Sudan ta bi a 2017, Chile a 2018, Iskandariyya a 2020, Mozambik da Angola a 2021. ACNA ba ta bi ta wannan ƙofa ba, kuma ko ta zo, sharaɗin yardar uwar lardi zai tare ta, tunda tana zaune ne a kan ƙasar da cocin Amurka da na Kanada suke cewa tasu ce. Shugabannin larduna da suka taru a Kantabari a Janairun 2016, da Foley Beach, akbishop na ACNA a lokacin, a cikin ɗakin, sun miƙa batun ga ACC tare da gargaɗin cewa zai ta da manyan tambayoyi kan hurumi. 

Na huɗu shi ne wanda masu guɗa ba sa son a ambata: gini na wa ne, fili na wa ne, asusun banki na wa ne. Wannan alƙalin ƙasa ne ke yanke shi, kuma alƙali ba ya karanta sanarwar taro. A Disamban 2006 ikilisiyar Falls Church da ta Truro a jihar Bajiniya suka kaɗa ƙuri'a da gagarumin rinjaye suka koma ƙarƙashin CANA, reshen da Cocin Najeriya ya kafa a Amurka zamanin shugabansa Peter Akinola, wanda aka naɗa wa Martyn Minns bishop a Abuja a wannan shekarar. Suna da cikakkiyar amincewar lardi mafi yawan jama'a a Afirka. A 2012 kotu ta ce gine-ginen na cocin Episkofal ne, Falls Church ta fita, Truro ta zauna a matsayin 'yar haya. Cocin Episkofal yana da doka tun 1979 da ta ce kadarar kowace ikilisiya amana ce ta dayosis da uwar coci. A Fort Worth kuwa waɗanda suka ɓalle ne suka yi nasara a kotun ƙolin Teksas a 2020, kuma dalilin shi ne takardun mallaka da rajistar amintattu, ba wani akbishop da ya sa musu albarka daga ƙetare ba. Ko a nan gida, ranar da irin wannan rigima ta je kotu, abin da za a nema shi ne sunan amintattun da ke rajista a hukumar CAC da takardar mallakar fili.

To, ga inda "ko dayosis" yake zama haɗari. Sakin layi na 11 na Sanarwar Urushalima ya amince da naɗi da hurumin duk ɗan Anglikan da ya riƙe sahihiyar bangaskiya, na 13 ya ƙi ikon shugabannin da suka musanta ta. Wa zai tantance wanda ya musanta? A gaban wa za a kai ƙara? Wanda ake zargi yana da damar kare kansa? Wa'adin kwana nawa? Idan an karɓi wani bisa kuskure, ta yaya za a janye? Takardar ba ta faɗa ba, domin shelar bangaskiya ce, ba dokar coci ba. An ɗauki shela an ba ta aikin kundin tsarin mulki.

A tuna da Nolbert Kunonga. A 2007, yana bishop na Harare, ya sanar da fitar da dayosis ɗinsa daga lardin Afirka ta Tsakiya, ya ce dalilinsa shi ne lardin yana sassauci kan luwaɗi. Ya naɗa kansa akbishop, lardin ya kore shi a 2008, amma da goyon bayan 'yan sandan gwamnatin Mugabe ya riƙe coci-coci da makarantu da asibitoci na tsawon shekara biyar. Masu bi suna sujada a filin Allah da azuzuwan haya, ana korarsu da barkonon tsohuwa, har sai da kotun ƙolin Zimbabuwe ta karɓe kadarorin daga hannunsa a Nuwamban 2012. Abin da ya ceci Harare shi ne duniyar Anglikan, masu ra'ayin riƙau da masu sassauci, ta tsaya a kan cewa bishop ba ya ficewa da dayosis a aljihunsa. Kunonga da an miƙa masa takardar sakin layi 14 da ya sa hannu kafin a ɗauko alƙalami na biyu. Za a ce ai shugabannin GAFCON ba za su karɓi irinsa ba. Mai yiwuwa. Amma wannan dogaro ne ga hankalin mutanen da ke kan kujera yau, kuma kujera ba ta mutum ɗaya ba ce.

Ba sai an je Zimbabuwe ba ma. Tsakanin aminan juna abin ya riga ya faru. A Janairun 2019 Cocin Najeriya ya zaɓi bishop-bishop huɗu don dayosis ɗin Trinity a Arewacin Amurka, ACNA ta fito fili ta ce ba a shawarce ta ba. Kafin shekarar ta raba aka ce kowane dayosis na CANA ya zaɓi uwa ɗaya: na gabas ya zauna da ACNA, na yamma da Trinity suka zauna da Najeriya. Ke nan a birni guda a Amurka ana iya samun bishop na Episkofal, da na ACNA, da na Najeriya, biyun ƙarshe kuma duk 'yan GAFCON ne. A 2021 Henry Ndukuba, shugaban Cocin Najeriya, ya rubuta wa ACNA zazzafar wasiƙa a kan batun nan dai na luwaɗi da ya haɗa su tun farko. An gudu daga gara, ga zago yana jira. Masu cewa ai a Turai ma dayosis ɗin Ingila da ikilisiyoyin Amurka sun daɗe suna zaune a ƙasa ɗaya sun manta cewa waɗancan da yarjejeniya suke zaune, ba wanda ya kira ɗan'uwansa mai ridda.

Kuma wahalar ba a kan akbishop take sauka ba. Firist da aka dakatar saboda kuɗin baiko ko saboda abin kunya da yara yana tsallaka titi ya sami sabon bishop da bai ga fayil ɗinsa ba. Fanshon limamin da ya yi shekara ashirin yana hidima yana maƙalewa a asusun cocin da ya bari. Littafin rajistar baftisma da na aure yana kulle a ofishin ginin da ake shari'a a kansa. Batun naɗa mata ma yana nan kwance: Kenya da Sudan ta Kudu suna da mata bishop, Najeriya ba ta naɗa mace firist, ACNA ta bar wa kowane dayosis zaɓinsa. Ranar da wani dayosis a ɗaya daga cikin waɗannan larduna ya ce lardinsa ya kauce, ya nemi a karɓe shi kai tsaye, da wane baki za a hana shi?

Sanarwar ta kira taron bishop-bishop a Abuja a Maris na 2026, kuma Najeriya ce ke da nauyin da za ta sa a gyara, tunda ita ta fara cire Kantabari daga kundinta tun 2005. A goge "ko dayosis", ko a ɗaure shi da sharuɗɗa: bincike a rubuce, sauraron lardin da ake ƙara, kashi biyu cikin uku na shugabanni, da tilasta miƙa fayil ɗin ladabtarwa kafin a karɓi kowane limami. A kuma rubuta yadda ake janye amincewa, da wanda zai sa hannu a takardar janyewar.